Mai Jijjiga Kwaɗo Ba Ɓarawo Ba Ne, Amma Da Sharaɗi

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da wani ɗan shago a kasuwar Tudun Wada inda yake sayar da littattafan rubutu da alƙaluma da tawada. Muna yara, in an tashe mu daga makarantar allo da yamma, can muke zarcewa mu taya shi shigar da kaya, shi kuma ya ja ƙyaure ya danna kwaɗo, mu kama hanyar gida. Ita Tudun Wada, kamar yadda duk wanda ya san Zariya ya sani, a bayan ganuwa ta tashi, a wajen Ƙofar Doka, ba ta taɓa samun wata ƙofar gari da ake rufe mata da dare ba. Saboda haka kowa kwaɗonsa ne ganuwarsa.

A layin su Baba akwai wani dattijon Buzu maigadi, wanda 'yan kasuwa ke haɗa wa kuɗi duk ƙarshen wata. Al'adarsa ita ce, da zarar sawu ya ɗauke sai ya ɗauki tocila ya bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana kama kowane kwaɗo yana jijjigawa. Wanda ya ji ya kama, ya wuce. Wanda ya ji ya saki, sai ya jawo tabarmarsa ya kwana a ƙofar shagon. Gari na wayewa ya ja mai shagon gefe, ya rage murya ya ce, "Alhaji, kwaɗonka ya gaji, a sake wani." Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba mu taɓa jin an ce ya tura ƙyauren wani ya leƙa ba, ba mu kuma taɓa jin ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana shelar wanda kwaɗonsa ya mutu ba.

Mun girma, mun sami 'yar difilomarmu ta koyarwa, mun kama alli, yau shekara ashirin ke nan da ɗoriya. Dattijon nan mun manta da shi sarai, sai a shekarar 2024 wani al'amari ya auku a makarantar sakandaren da muke koyarwa a nan Tudun Wada, ya dawo mana da shi cikin rai kamar jiya muka rabu. Wannan al'amari ne muke so mu baje wa 'yan'uwa masu karatu, domin mun tabbata da wuya a sami wanda ba ya yawo da irin kwaɗon da za mu yi magana a kansa, ko a wayarsa, ko a katin bankinsa, ko a kwamfutar wurin aikinsa.

Sa'ad da muka fara aiki, makin yara a doguwar takarda ake zuba shi da jan biro da shuɗi, a naɗe a kai ofishin mataimakin shugaba, a jefa a kabad a kulle. Mabuɗi ɗaya ne tak, kuma kowa ya san aljihun da yake kwana. To, an ce zamani riga. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantu suka shiga rige-rigen sayen na'urori, har tamu ta bi sahu. Aka ɗauki malamin kwamfuta, aka buɗe wa kowane malami ƙofarsa a cikin na'ura inda zai riƙa zuba maki, ko daga ofis ko daga wayarsa a gida, aka ce kowa ya zaɓi kalmar sirrin da zai riƙa buɗe ƙofar da ita. Wato dai mabuɗin nan guda ɗaya ya haihu, kowa ya sami nasa, kuma kowa shi ya ƙera abinsa da hannunsa.

Mu dai ba mu wahalar da kanmu ba. Muna da 'yar auta wadda son ta ya sa muka sa aka rubuta mana sunanta a bayan babur, babur ɗin da muke jinginewa kullum a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin malamai. Wannan suna muka ɗauka, muka liƙa masa 123 a wutsiya, muka ce mun yi kalmar sirri.

Ranar wata Litinin, ana saura kwana huɗu a ba da sakamakon zango na biyu, masinja ya leƙo aji ya ce shugaba na kiranmu. Muka tarar da shi tare da malamin Lissafi da malamin kwamfuta, fuskar kowa babu annuri. Shugaba ya juyo mana da kwamfuta ya ce, "Malam, duba nan." Yara uku ne na ajin da muke riƙe da shi, waɗanda malamin Lissafi ya rantse bai ba ko ɗayansu maki 40 ba, amma ga su nan kowa ya haura 60. Na'ura kuma ta rubuta cewa da sunanmu aka shiga aka yi gyaran, ranar Asabar da ƙarfe 11:30 na dare.

Mai karatu, wanda bai taɓa tsayawa gaban mutanen da suka san shi shekara da shekaru yana rantsuwa a kan abin da bai aikata ba, bai san nauyin harshe ba. Ɗaya daga cikin yaran ɗan wani mai hali ne, ka kuwa san abin da zukata za su fara rayawa. Malami ba shi da rumbu ba shi da garke, mutuncinsa ne jarinsa, ga shi kuma an ɗora shi a kan tebur ana juyawa. Kwana biyu muka yi tuwo bai wuce mana maƙogwaro ba. A rana ta uku aka tsare yaran ɗai-ɗai, ƙaraminsu ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya. Ba su saci komai ba, ba su leƙa littafinmu ba, zama kawai suka yi suka shiga canke. Suka gwada lambar wayarmu ba ta yi ba, suka gwada lambar babur ba ta yi ba, sai suka gwada sunan da ke bayan babur suka ƙara masa 123, ƙofa ta buɗe. Shugaba ya ba mu haƙuri, amma ya bi da wata magana da ta fi zargin zafi. Ya ce, "Malam, an wanke ka daga cin amana, amma ba a wanke ka daga sakaci ba."

Shi wannan malamin kwamfuta yaronmu ne, mu muka koya masa Hausa tun yana aji ɗaya, yaro mai ƙwazo da zafin nama. Abin da ya same mu ya ƙona masa rai ƙwarai da gaske. Bai yi shawara da kowa ba, bai gaya wa shugaba ba, ya shige ɗakin kwamfuta a ƙarshen mako ya dinga gwada ƙarfin kalmomin malamai gaba ɗaya. Ranar Litinin da muka shigo ɗakin malamai sai muka tarar da takarda manne a allon sanarwa. Sunayen fiye da rabin malamai ne, kowane suna ga kalmar sirrinsa a gabansa ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kowa ya sake tasa kafin a tashi.

Da fari dariya aka yi. Ga masu 123456, ga masu lambar waya, ga mai sunan ƙungiyar ƙwallonsa, ga wani kuma da sunan wata mace wanda duk mun san ba sunan uwargidansa ba ne. Wani malami yana gama karantawa ya haye babur sai banki, domin lambobin da aka manna a bango su ne na katin da yake ɗaukar albashi. Dariya ta yanke ne sa'ad da muka lura da wata dattijuwar malama, wadda ta girme mu duka, tana tsaye gaban allon ba ta ko motsi. Kalmarta sunan namiji ne da shekara. Mu da muka daɗe da ita mun san sunan ɗanta na fari ne, wanda ya rasu yana saurayi, shekarar kuma ta haihuwarsa ce. Irin matan nan ce na da masu kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ashe ta sami wani ɗan lungu inda take kiran sunan kullum safiya da yatsunta, babu mai ji. Ta juyo ta dubi yaron nan ta ce, "Ɗan nan, sunan da ban taɓa faɗa ba, shi ka rataye mini a bango?" Ta ɗauki jakarta ta fita.

Daga wannan rana ɗakin malamai ya rabu gida biyu, tambayar kuma guda ɗaya ce: shin mai kula da kwamfutoci yana da hurumin gwada ƙarfin kalmomin sirrin mutane, ko kuwa shisshigi ne?

Masu cewa shisshigi ne suna da hujja. Suka ce sunanta kalmar sirri, in wani ya san ta kuwa ta tashi daga sirri. Suka ce wanda ya iya gano kalmarka yau don ya gargaɗe ka, gobe in kun ɓata yana iya shiga da sunanka ya yi ɓarna, na'ura ta rubuta kai ne, kamar dai yadda aka yi mana. Kada kuma mai karatu ya manta, a jiharmu ta Kaduna kalmar gwaji ba ƙaramar kalma ba ce a kunnen malami. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar cancanta, aka ce 21,780 ba su ci ba, daga bisani aka sallame su. Wanda abin bai shafa ba, yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya shafa. Don haka da aka ga jerin sunaye a bango, wasu sun ɗauka sharar fage ce ta wani abu da ke tafe.

Ɗaya ɓangaren kuwa malamin Lissafi ne jagoransu, kuma da alli ya yi gardamarsa. Ya ce lambobi 4 irin na katin banki hanyoyi 10,000 ne kacal ake iya jera su. In mutum ya sa shekarar haihuwarsa, ya rage su sun koma ƙasa da 100. Ƙananan baƙaƙen boko guda 8, in an tsinto su barkatai, ana iya jera su ta hanyoyi sama da biliyan 208, amma wa ke tsintar baƙaƙe barkatai? Kowa suna yake sawa, sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu kuwa ba su da wani yawa. Sa'an nan ya ajiye alli ya faɗi maganar da ta tsaya mana a rai. Ya ce, "Ƙofar taka ce, amma kayan da ke cikin ɗakin ba naka ba ne. Makin yara ne. Wanda ya kwana yana karatu ya ci 60, da wanda ya kwana yana canke ya ba kansa 60, in suka zo ɗaya, wa aka zalunta?"

Nan ma sai muka tuno kasuwa. Ba don son mai shago kaɗai maigadi ke jijjiga kwaɗonsa ba. Shagunan layi ɗaya rufinsu ɗaya ne, ɓarawo in ya sami shiga guda, ta sama yake bi ya dira a na maƙwabci. Haka abin yake a na'ura. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki har gidajen mai suka ƙafe, kuma mashigar ɓarayin ita ce kalmar sirri guda ɗaya ta wata tsohuwar ƙofa da aka daina amfani da ita ba a toshe ba.

Mu da abin ya fara faɗa wa, sai muka ga bai kamata mu ɗauki ɓangare da ka ba. Muka kira yaron nan gida bayan la'asar, muka ce ya yi mana bayani dalla-dalla yadda aka yi ya ga kalmomin mutane. Ya ce, "Malam, na'urar da aka tsara da kyau ba ta ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Niƙe ta take yi ta ajiye garin, gari kuwa ba ya komawa tsaba. Sai dai kowace kalma da irin garin da take bayarwa. In ka zo shiga, sai ta niƙa abin da ka rubuta ta gwada da garin da ke ajiye, in sun yi daidai ta buɗe maka." Muka ce to, shi ta ina ya bi? Ya ce akwai manhajar da ake ɗura wa jerin sunaye da kalmomi da lambobin da mutane suka saba sawa, ta dinga niƙa su ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da garin kowa, tana iya gwada miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Kalmar da ke cikin jerin nan take take faɗuwa, wadda ba ta ciki kuma sai manhajar ta gaji ta bar ta. Muka tambaye shi, "Shin dole ne sai ka ga kalmar da idonka kafin ka san ta faɗi?" Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A'a Malam. Ana iya sa ta fito da sunan mai ita kawai."

Da muka bi diddigin al'amarin sai muka tarar gardamar ɗakin malamanmu ta girmi yaron da ya tayar da ita. A 1979 wasu masana biyu na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Robert Morris da Ken Thompson, suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi wa kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin cankowa ne. Bayan shekara 40 cif, a 2019, hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta bayyana cewa a cikin bayanan da ɓarayi suka taɓa kwashewa a duniya, an sami 123456 a matsayin kalmar sirri har sau miliyan 23.2. Ashe ba ƙauyancin malaman Tudun Wada ba ne, halin ɗan Adam ne. Ko a tatsuniyar Ali Baba, ɓarayi arba'in kalma ɗaya suka yi tarayya a kanta, sunan abin da ake nomawa a gona, suna kuma faɗinta da ƙarfi ba su duba ko akwai wani a kan bishiya ba.

Abin lura shi ne, makamin maigadi da na ɓarawo a wannan fage iri ɗaya ne. Ɗan shi wannan Morris ɗin ne, yana ɗalibi, ya saki wata manhaja a watan Nuwamban 1988 wadda ke ɗauke da jerin kalmomi 432 tana gwada su a ƙofofin mutane, ta durƙusar da dubban kwamfutoci, kotu kuma ta same shi da laifi. A 1991 wani ɗan Birtaniya, Alec Muffett, ya fitar da manhajar Crack domin masu kula da kwamfutoci su riƙa gano raunanan kalmomi kafin ɓarayi su riga su. Da ita ce wani ƙwararre mai suna Randal Schwartz, wanda ke yi wa kamfanin Intel aikin kwangila a jihar Oregon, ya gwada kalmomin ma'aikatan wani sashe a 1993 ba tare da an sa shi ba. Ya ce nufinsa ya nuna wa kamfanin inda katangarsa ta tsage. Kotu ba ta karɓi wannan hanzari ba. A 1995 ta same shi da manyan laifuffuka uku, ta yanke masa ɗaurin talala na shekara 5 da aikin hidimar jama'a na sa'o'i 480, sai a 2007 aka goge masa laifin daga kundi. Da muka karanta wa yaronmu wannan labari, mun ga gumi ya tsattsafo masa a goshi.

A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin kwamfuta ko bayanan wasu ba da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, har da gwada matakan tsaron nasa a kai a kai don a tabbatar suna aiki. Wato ɗaya ta ce kada ka taɓa kwaɗon da ba a sa ka ba, ɗaya kuma ta ce wajibi ne maigida ya sa a riƙa duba kwaɗunan gidansa. In an lura ba su saɓa wa juna ba, izini ne ya haɗa su.

To, ina muka tsaya? Ra'ayinmu shi ne a gwada. Mu ne shaida, da an jijjiga kwaɗonmu tun farkon zango da ba mu tsaya gaban shugaba muna rantsuwa ba. Duk inda aka tara amanar jama'a a na'ura, makaranta ce ko asibiti ko ofis, barin kowa da kalmar da ya ga dama ba tare da mai dubawa ba sakaci ne. Amma a gwada irin gwajin Buzun kasuwa, shi kuwa yana da sharuɗɗa.

Na farko, maigadi ba ya naɗa kansa. 'Yan kasuwa ne suka ɗauke shi, su ke biyansa. Mai kula da kwamfuta ya sami izini a rubuce daga shugaban wurin, a faɗi abin da zai gwada da lokacin da zai gwada. Takardar nan kariya ce ga jama'a, kariya ce kuma gare shi.

Na biyu, kowa ya san ana yi. Babu ɗan kasuwar da bai san ana taɓa kwaɗonsa da dare ba. Wani zai ce in an sanar ai kowa zai gyara kafin ranar, gwaji ya tashi a banza. Mu malamai mun san amsar wannan: in ka ce wa yara gobe akwai gwaji suka kwana suna karatu, ai buƙata ta biya. Jarrabawar da aka shirya don a kama mutum daban take da wadda aka shirya don a gyara shi.

Na uku, a jijjiga kwaɗo, kada a tura ƙyaure. Mai gwaji ba ya buƙatar ganin kalmar, balle rubuta ta, balle shiga da ita. Abin da zai sani kawai shi ne ta wane ta kama, ta wane ta saki. In ya gama ya goge duk abin da gwajin ya bari, domin jerin raunanan kalmomi a aljihun tebur ya fi kowace raunanniyar kalma haɗari. Kuma iyakarsa ƙofar wurin aiki. Wayar mutum da bankinsa da shafinsa na Facebook ba layin da aka ba shi gadi ba ne.

Na huɗu, a ja mutum gefe. Abin da mutane ke zaɓa su ɓoye a kalmar sirri sau da yawa shi ne abin da ya fi kusa da zuciyarsu, mun gani da idonmu. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ba gyaruwa yake yi ba, ɓuya yake koya.

Na biyar, mai gwaji na gaskiya ba ya cewa ka faɗa masa kalmarka. Wannan ya kamata a nanata, domin 'yan damfarar da ke bugo waya suna cewa daga banki suke, a karanto musu lambar kati ko lambar da aka turo ta saƙo don su "duba" asusu, da rigar maigadi suke zuwa. In aka saba wa mutane da miƙa kalmarsu ga ma'aikacin kwamfuta, an share wa waɗancan hanya ke nan.

Daɗin daɗawa, akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi. A 2017 hukumar NIST, mai tsara ma'aunai a Amurka, ta ba da shawarar cewa tun a lokacin da mutum ke zaɓen kalma na'ura ta gwada ta da jerin waɗanda aka san sun yi rauni ko an taɓa sacewa, in tana ciki ta ƙi karɓa. Ta kuma ce a daina tilasta wa mutane sake kalma duk bayan 'yan watanni in babu alamar an gano ta, domin abin da hakan ke haifarwa shi ne mai 123 ya koma 124. Wato a hana sayen mataccen kwaɗo tun a wurin maƙeri.

Mu da ke hulɗa da kalmomi kuwa ba mu da uzuri. Tsawo ya fi ƙawa amfani a wannan sha'ani. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomin Hausa kimanin 39,000. Ko daga 5,000 kawai mutum ya tsinci guda huɗu, ta hanyar buɗe shafi ido rufe ya ɗora yatsa, hanyoyin jera su sun kai tiriliyan 625. Sharaɗin dai kada su kasance 'yan gida ɗaya. Karin magana da baitin waƙa da taken sarauta duk ba su yi ba, don abin da kowa ya haddace ba sirri ba ne. Kuma kalmar makaranta daban, ta banki daban, kada a yi wa gida da shago mabuɗi guda.

Yadda ta ƙare a wurinmu shi ne, shugaba ya tara malamai, ya yage takardar nan a gaban kowa, ya ja wa yaron kunne, sa'an nan ya ba shi izini a rubuce ya riƙa gwaji sau ɗaya kowane zango bisa sharuɗɗan da aka amince da su a zaman. Mu kuma muka ɗauke shi a bayan babur ranar wata Juma'a da yamma, muka kai shi gidan Malama. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, "Mama, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce, "Tashi, ɗan nan. Na san ba da mugunta ka yi ba. Amma ka riƙa tunawa akwai mutum a bayan kowace kalma." Ta sa aka kawo mana ruwa da goro. Ba mu tambaye ta abin da ta sa a madadin waccan kalma ba, ba kuma za mu tambaya ba.

Sunan 'yar autarmu yana nan a bayan babur, don ba shi ya yi laifi ba. A zangon da ya wuce muna cikin jingine babur ɗin a gindin darbejiya sai ga yaronmu ya nufo mu. Ya gaishe mu, ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Malam, an gwada. Taka ta kama." Muka ce madalla, muka ɗauki allinmu muka shiga aji.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, amin.